Idon Da Ya Ƙi Rufuwa

"Rufe."

Da idona nake magana.

"Rufe mana, don girman Allah..."

Ina tsaye gaban madubin ɗakina a Gumel, rana ta ɗaga, labule a sake, ƙofa a kulle. Na runtse iya ƙarfina, na ɗaga waya na ɗauki fuskata hoto, sannan na buɗe na duba.

Na hagu ya rufe, da ƙyar, kamar ƙyauren da damina ta kumbura.

Na dama bai rufe ba.

Fatar ta sauko rabi ta tsaya. A ƙarƙashinta farin ido yana leƙowa, jajir, irin na ragon da aka gama yankawa. A samanta kuma baƙin zare ne, ƙulli bakwai a jere.

Hoto na goma sha ɗaya ke nan tun safe, duk iri ɗaya.

Na zauna a bakin gado.

Sunana Hasanatu. Shekarata arba'in da bakwai, ina da digiri a ilmin halittu, kuma shekara ashirin da ɗaya ke nan ina koya wa 'yan matan sakandare yadda ido yake. Nakan zana shi a allo, in nuna fatar sama da tsinin alli, in ce, "Wannan ita ce ƙofa. In babu ita, ido bushewa yake yi kamar kuɓewar da aka shanya." Su rubuta. Ni da nake faɗa ban taɓa rubutawa ba.

Wayar ta yi ƙara a hannuna, saura kaɗan in yar da ita.

Sajo ne.

"Hasken idona..."

Duk sunayen duniya, yau wannan ya zaɓa.

"Na'am, Likita."

Ba na mutane ba ne, likitan dabbobi ne a kasuwar shanu ta Maigatari. Shekararsa hamsin da huɗu, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, ni kuma shekarata tara da rasuwar mijina. Akuyata ce ta haɗa mu, ranar da ta ci leda.

"Kwana biyar ban sa ki a ido ba, Malama. Wannan wane irin horo ne?"

"Apolo ne, na gaya maka. Kamawa yake yi. Kada ka zo."

"Ni da nake tura hannu a bakin raƙumi, apolo zan ji tsoro?"

"Ni nake jin tsoro. In ka kamu, wa zai je ɗaurin auren?"

Ya yi dariya, irin tasa mai fitowa ta hanci.

"Saura kwana goma sha shida, Gimbiya. Da yatsu nake ƙirgawa, kamar ɗan firamare."

"Allah ya kai mu."

"Muryarki fa? Kuka kika yi?"

"Idon ne yake ruwa."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da na gaya masa a makon.

Yadda na kai kaina nan ba shi da tsawo.

Dangin Sajo Fulanin Sule Tankarkar ne, kuma tun ana zaman makokin matarsa suka gama yi masa mata: Tayyiba, ƙanwar marigayiyar. Shekararta talatin da ɗaya, aurenta na fari ya mutu, tana da shagon kayan kwalliya a bakin boda a Maigatari, fuskarta kuma kamar an goge da dutsen guga. A wurinsu hakan ne daidai, 'ya'ya su ƙarasa tashi a hannun ƙanwar uwarsu. Sai Sajo ya ɓata musu shiri, ya ce shi malamar makaranta yake so, mai jika biyu. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Dada, ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwarsa ba kafin ta ce to. Ko da ta faɗa, bango take kallo.

Sai aka yi wani suna a Gagarawa, aka ce in je dangi su gan ni. Na sha sabuwar atamfa, na zauna cikin mata na sunkuyar da kai, ina ganin na iya zama. Can Tayyiba ta taso daga ƙarshen rumfa, ta durƙusa a gabana cikin ladabi, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji.

"Anti, ki shiga ɗaki ki ɗan kwanta mana. Tun ɗazu nake ganin barci kike ji."

Ba barci nake ji ba. Idona ne haka. Shekaru sun sauko mini da fatar sama, ta taru ta rufe gashin ido, har ɗalibaina suka sa mini suna Malama Gyangyaɗi, suna zaton ban sani ba.

Dada ta ce wani abu da Fillanci, ba ta ko dube ni ba. Rumfar ta kwashe da dariya. Wata mai tausayi, irin masu tausayin da ba sa barin mutum cikin duhu, ta fassara mini a kunne.

"Wai ita sai da ta haifi goma nata ya sauko haka."

Na yi murmushi. Na ci shinkafa. Na dawo gida na yi kwana uku a gaban madubi ina ɗaga fatar da yatsa.

A rana ta huɗu na gaya wa Hajiya Sauda, ƙawata tun firamare, mai fataucin atamfa da turare tsakanin Maigatari da Damagaram. Sauda ba ta taɓa jin matsalar da ba ta san mai maganinta ba.

"Wannan ce ta hana ki barci? Ke dai baƙauya ce mai digiri! Akwai wani likita da ke zuwa Damagaram duk ƙarshen wata. Ya yanke 'yar fatar da ta yi yawa, ya ɗinke, minti arba'in. Matan jandarmomi, jami'an tsaron Nijar, duk shi ya gyara su. Kafin biki kin warke, ki fito kamar 'yar ashirin da biyar."

"Asibiti ne?"

"Kusan haka."

Bene ne a saman shagon sayar da firji, babu allo a ƙofa. Mu bakwai ne a benci, kowa na kauce wa idon kowa. Mutumin ya zana mini layi a fatar ido da biro, yana cewa, "Ba komai, Madam, ba komai," yana duba agogo. Na ji allura. Na ji ƙarar almakashi a kusa da inda bai kamata almakashi ya je ba. Na ji ƙaurin fata, sai daga baya na gane tawa ce.

Da muka dawo, motar ta tsaya a boda ana duba kaya, daidai gaban jerin shaguna. Na ɗaga baƙin gilashina in gyara audugar da ke ƙasa. Daƙiƙa biyu. Ban duba shagon wa ke gabana ba.

Bayan Sajo ya kashe waya na kira Sauda.

"Bai rufe ba."

"Kumburi ne, ƙawata, ki ƙara haƙuri."

"Sauda, ji nake kamar an zuba mini yashi. Da safe rubutun kalanda biyu-biyu na gan shi. Ki kira mutumin!"



"Na kira. Lambar ba ta shiga. Masu shagon sun ce ya tafi, sai wani watan... in zai dawo."



Matsalar mai ilmi ita ce ya san abin da ke tafe. Ido ya bushe, baƙin ya kuje, kujewar ta zama gyambo, gyambon ya bar hakiya fara fat. Na sha ba da wannan a jarrabawa, maki biyar.

"Ki je asibiti," in ji Sauda, muryarta ta yi ƙasa.

"Wanne? Rabin nas-nas ɗin Gumel ɗalibaina ne. In na shiga da hantsi, kafin azahar labari ya kai Sule Tankarkar. Dada ta ji matar da ɗanta ya bijire mata a kanta ta tsallaka boda ta je an yanka mata fuska don ta yi yarinta? Ranar za a mayar da goron. Sauda, shekara tara na yi ina cin abinci ni kaɗai. Ba zan koma ba."

Na jiƙa tsumma na ɗora a idon, na kwanta. Wai maganin mai digiri ke nan.

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ranar da ko gobara ake yi Sajo ba ya barin kara, wurin cinikin shanu. Wajen ƙarfe goma na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na ji sallama da murya mai zaƙi.

"Anti! Anti, fito ki ga wa na kawo miki!"

Na lalubo baƙin gilashi na sa, na leƙa.

Tayyiba ce, tana riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa siririya mai sanda.

Dada.



Wanda bai san mutanen nan ba ba zai gane girman abin ba. Uwar miji a wurinsu ba ta taka gidan matar da ɗanta ke nema. Ko bayan aure, sai haihuwa ko mutuwa ke kai ta. Ga shi kuma Dada ta yi suna a maganin ido, har daga Nijar ake zuwa mata. Abin da ta jiƙa da hannunta, da hannunta take sawa, kuma ba a mayar mata da shi. Sajo ya taɓa ba ni labari yana dariya, wai ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa cewa a bari ya je asibiti tukuna. Shekara talatin ke nan ba ta shiga gidansa ba.

Da na zaɓi ƙaryar apolo, na ɗauka na zaɓi ciwon da ke korar mutane. Na manta shi ne ciwon da ke kawo Dada.

Na zube a ƙasa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta shige ɗakina kamar ta san hanya, ta zauna a tabarmar da Tayyiba ta yi sauri ta shimfiɗa.

"An ce ido ya hana ki fita."

"Da sauƙi, Dada. Ya ma kusa warkewa."

"Kwana shida ba sauƙi ba ne. Yaron nan ya rame."

Yaron nan, mai furfura har a gira.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai, da gashin zabo guda ɗaya. Da ta buɗe, warin ya cika ɗakin: kanwa, tafarnuwa, da wani sassaƙe da ban sani ba. Ruwan kore ne, mai kauri. Daga inda nake durƙushe ma idona ya fara raɗaɗi.

"Da zafi," in ji Dada. "Zafin shi ne aikin. Zo nan."

"Dada, na sa na asibiti da safe, kada su haɗu..."

"Na asibiti kwana shida bai yi ba."

"Anti, ki kwanta mana," in ji Tayyiba, tana gyara mini wuri. "Tun asuba Dada take kan wannan maganin. Ko ni da nake 'yar gida ba ta taɓa takowa domina ba. Ki ɗora kanki a cinyarta."

Na dube ta ta cikin gilashin. Ba fuskata take kallo ba, gefen gilashin take kallo, inda zaren ya ɗan leƙo. Tana murmushi.

A nan na tuna shagon wa motarmu ta tsaya a gabansa.

Ta sani. Tun ranar ta sani, kuma ba ta kai tsegumi ba, domin tsegumi ana iya musa shi. Ta kawo mini abin da ba ya musuwa. In na ƙi maganin, na rasa Dada, na rasa Sajo. In na karɓa...

Na kwanta.

Ina so a rubuta wannan a takardar shaidar digirina: na kwanta. Na ɗora kaina a cinyar tsohuwar, na yi lissafi irin na malamar kimiyya. Ido biyu gare ni. Sajo ɗaya ne.

Tayyiba ta zare gilashin.

Na jira salati, ban ji ba. Ɗakin da duhu, labule a sake, ita kuwa mai maganin ido ashe nata ganin ya yi rauni, da laluba take aiki. Ta dafe goshina da hannun hagu. Na ji ta tsoma gashin zabon a ƙoƙo. Na so in runtse, na hagu ya runtse.

Na dama ya tsaya yana kallo.

Ina ganin gashin yana saukowa. Ina ganin ɗigon, kore, yana taruwa a tsininsa, yana yin nauyi, yana lilo.

"Bismillahi..."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na riƙe wuyan hannun Dada, gam, ni da ko inuwarta bai kamata in taka ba. Ɗigon ya faɗa mini a kunci. Wurin ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi.

"Kada ki zuba, Dada! Don Allah kada ki zuba! Ba apolo ba ne. Ƙarya na yi."

Tayyiba ta yi tsalle ta yaye labule, haske ya soke ni.

"Innalillahi! Anti! Zare ne a idonki? Dada, zare! An yanka ta an ɗinke! Wayyo, me zan gani haka?"

Da a makaranta ne da na ba ta kyautar wasan kwaikwayo.

Dada ta ajiye gashin a bakin ƙoƙo. Ta kawo ɗan yatsanta a hankali ta bi ɗinkin, ƙulli bayan ƙulli, na dama, sannan na hagu.

"Wa ya ɗinke ki kamar fasasshiyar ƙwarya?"

Na gaya mata. Benen, biron, almakashin, duka, kaina yana cinyarta, hawaye suna gangarawa cikin kunnena.

"Saboda me?"

"Saboda kin ce idona ya sauko."

Ina jin bugun zuciyata a cikin ɗinkin. Na ce a raina, shi ke nan Hasanatu, kin tsira da ido, ki je ki yi ta kallon bango da shi.

"Ke," in ji Dada, ba da ni take ba. "Tun yaushe kika sani?"

"Ni, Dada? Yanzu nake gani, wallahi..."

"Da asuba kika tsaya a kaina kika ce in ƙara kanwa, wai ciwon ya yi ƙarfi. Sau biyu kika faɗa. Na ƙara." Muryarta ba ta tashi ba. "Da hannuna kika so ki makantar da 'yar mutane. Fita. Kira yaron nan, ki ce ya bar shanun ya zo yanzu. In kin gama ki jira ni a mota, kada in ji bakinki har Sule Tankarkar."

Da takun Tayyiba ya ɓace, tsohuwar ta kamo hannuna ta ɗora yatsuna a leɓenta na ƙasa. Sai a lokacin na lura baƙi ne wuluk har zuwa haɓa, irin zanen matan da.

"Kin ji? Ƙayar aduwa ce, an ɗaure guda bakwai wuri ɗaya. A soka, a shafa baƙin tukunya, a soka, tun hantsi har la'asar. Babu wanda ya sa ni. Ina budurwa, na ji an ce uban yaron nan yana kallon wata mai baƙin leɓe. Bakina ya kumbura ya kai hanci. Kwana tara da kara nake zuƙar nono. Da ya dawo daga mashekari, inda ya kai shanu kiwo, ya gan ni, kin san abin da ya ce?"

"A'a, Dada."

"Ya ce, ƙudan zuma ne ya harbe ki?"

Dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka, ɗinkin ya ja, na yi ƙara.

"Kada ki ji daɗi," in ji ta. "Wauta na san ta, na yi tawa. Ƙarya ce ban yi ba. Kin sa na tako da tsufana."

"Ki yafe mini. Na riƙe miki hannu, na ƙi maganinki..."

Ta rufe ƙoƙon da faifai, ta yi ɗan tunani.

"Ba ki ƙi maganina ba. Nawa na apolo ne, ke kuma ba ki da apolo. Sauran magana tsakaninki da shi ne. Ni na ce to sau ɗaya, ba na faɗa sau biyu, ba na kuma janyewa. Shi ne ban sani ba. Ubansa ba ya yafe ƙarya."

Sajo ya iso kafin azahar, da takalmin roba da warin kara. Bai yi mini sallamar da ya saba ba. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya ciro 'yar tocilar da yake duba idon shanu da ita, ya kama haɓata ya ɗaga.

"Dubi sama. Dubi ƙasa. Runtse."

Ya kashe tocilar.

"Ko tunkiya ba na yi wa wannan ɗinkin."

"Likita..."

"Ɗauko mayafinki. Kano za mu."

Babu Gimbiya, babu hasken ido. Muka bar Gumel, ya kafe titi da ido, ni kuma na kafe shi da wanda ba ya rufuwa. Gonaki suna wucewa biyu-biyu. Muka yi tafiyar kusan awa guda, ko rediyo bai kunna ba. Tsoron ƙoƙon Dada bai kai wannan shirun ba.

"In ka fasa," na ce, "ba zan ga laifinka ba."

Ya gangara gefen titi ya taka birki, har na dafa gaban motar.

"Kin ɗauka ban ga fatar ba? Ina da ido, Hasanatu. Tun ranar da kika kawo akuyarki na gani. Na ce ga mace da ta kalli duniya har ta gaji da ita, irin tawa ke nan. Wa kika ɗauka za ki aura? Ni da haƙorana uku na roba ne?"

"Ban sani ba..."

"Ba ki tambaya ba! Ki yanka fuskarki, fuskarki ce. Amma kwana shida kina zaune ido yana bushewa, ni ina waya ina miki ƙirgen kwanaki kamar wawa. Na binne mace ɗaya da ta ɓoye mini ciwo wata takwas, wai kada hankalina ya tashi. Ba zan iya sau biyu ba."

Ya tayar da mota.

"Maganar aure fa?" na ce.

"Bari mu ji abin da likita zai ce."

A asibitin ido mace muka samu, wadda da a Gumel ta tashi da na koyar da ita. Ta ɗiga mini wani ruwa rawaya, ta sa haɓata a kan ƙarfe, ta haska shuɗiyar fitila. Ta daɗe tana kallo. Ba ta tambaye ni wa ya yi aikin ba, ta dai ja tsaki ƙasa-ƙasa, wanda ya fi tambaya ciwo.

"Na hagu zai daidaita in kumburi ya sauka. Na dama an yanke fata fiye da ƙima, kuma baƙin idon ya fara kujewa. Da kin ƙara kwana biyu, Hajiya, da wata maganar muke yi."

"Zan makance?"

"In kin bi abin da zan faɗa, ina sa ran a'a. Maganin ɗigawa duk bayan awa ɗaya. Na shafawa. Duk lokacin da za ki yi barci, ko na rana ne, a ja fatar a liƙe ta da filasta. Watanni za a yi a haka, daga baya mu ga ko sai an ƙara fata. Wa ke tare da ke a gida?"

"Ni kaɗai ce."

"Ba zai yiwu ba. Mutum ba ya liƙe idon kansa daidai. Kwana ɗaya ya buɗe kina barci, mun koma baya."

Na sunkuyar da kai. Ina lissafa wa zan roƙa, 'ya'yana maza suna Kano da iyalinsu, Sauda rabin wata tana hanya.

"Mijinta zai yi," in ji Sajo daga bayana.

Likitar ta ɗago.

"Kai ne mijin?"

"Zuwa gobe bayan sallar Juma'a. Nuna mini yadda ake yanka filastar."

Na juyo. Fuskarsa a ɗaure take har yanzu, ya riga ya ciro biro yana neman takarda.

"Ban huce ba," ya ce, bai dube ni ba. "Kada ki ɗauka na huce. A gida ɗaya zan ƙarasa fushin, inda zan riƙa ganin abin da kike ɓoyewa."

Haka aka ɗaura aurena a ƙofar gidan waliyyina Baffa Ɗalha a Gagarawa, kwana goma sha huɗu kafin ranar da aka buga a kati. Babu lalle, babu kwalli. Amarya ta tare da filasta a ido ɗaya da ledar magunguna a hannu. Matan Gumel suka rabu biyu, wasu suka ce aljanu ne, wasu suka faɗi gaskiya, kuma ta fi ta aljanun daɗin ji. Ɗalibaina sun canja mini suna, ban nemi sanin sabon ba.

Wata takwas ke nan. Fatar ta ɗan sauko, saura 'yar tsaga kamar bakin asusu. Likita ta ce mu ƙara jira. Sajo yana gaya wa abokansa a kara cewa duk lardin nan shi kaɗai ne matarsa ke sa masa ido ko tana barci.

Tsoron bai tafi ba, ya dai koma na safiya. Kullum in gari ya waye, shi ke ɓare filastar, a hankali, yana riƙe numfashi. Ni kuma in rufe na hagu da tafin hannu, in jira hazon maganin ya washe.

"Kina ganina?"

"Tsaya... ina ganinka."

"Ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya."

"Yaya nake?"

"Tsoho."

Sai ya saki numfashin.

"Alhamdulillahi. Idon lafiya lau. Tashi ki dama mana koko, Gimbiya."